Faɗin Kafaɗata

Biyar da rabi na bar Samacá,
curin cuku goma sha biyu a kwandon baya,
gajimare ya sauko kan gonakin dankali
kamar bargon ulu da aka manta a shanya.

Na ji ka tun ban gan ka ba.
Babbar motar kwal, tana nishi a giya ta biyu,
ƙasa na rawa,
kan keke na isar mini da saƙon har cikin haƙora.

Na waiwaya sau ɗaya ta kafaɗar hagu
don ka san fuska ce, ba buhu ba.
Sannan na matso ciki,
taku guda daga farin layi, har da ɗori,
daidai inda tayoyin irinku suka lashe kwalta ta yi sheƙi.

Danna hon ɗinka. Ina ji.
Amma dubi gefen da kake so in koma:
tsakuwa, fasasshiyar kwalba tun daren Asabar,
bakin magudana mai haƙoran ƙarfe
da ke jiran siririyar taya,
da karen gidan Arcadio mai fitowa ba sallama.
In na kauce wa ɗayansu, ina zan kauce?
Ƙarƙashinka?

Ƙanena Ovidio mai kunya ne.
Ko wurin cin abinci ba ya buɗe gwiwar hannu.
Haka yake bin bakin titi, a takure,
kamar baƙon da ke tsoron taka tabarmar mutane.
Ya bar wa wani direba hanya saura ƙiris,
direban ya auna da ido ya ce, zan shige.
Kan motar ya shige kuwa.
Wutsiyarta ce ba ta ji labari ba.

Keken nan mai farin fenti a kwana ta uku, nasa ne.
Uwarmu Hermencia kan sauya masa furanni.
Ni nakan tsaya in matsa tayoyin da babban yatsa,
sun sace tun shekara shida,
ban san abin da nake dubawa ba.

Tun ranar na daina neman gafarar titi.
Wanda ya raɓe, shi ya ce a gwada.
Ban roƙi rabin dutsen nan ba, direba,
faɗin kafaɗata ne kawai,
da iskar da zan faɗa cikinta in na faɗi
ba tare da na taɓa ƙarfenka ba.

Yanzu saurara.
Ka ji wannan gurnanin daga bayan kwana?
Bas ɗin Tunja ce, ta ci layi kamar kullum.
Ni da ba gilashi tsakanina da duniya
na riga ka jin ta.
Ga ta nan. Ta wuce, jar iska da fuskokin masu gyangyaɗi.
Hon ɗinka ya yi shiru.

Ƙirga tare da ni, ba yawa.
Gada. Shagon walda. Saniya mai tabo a goshi.
Daga nan hanya ta miƙe tamkar zare,
ana hangen har rufin makaranta.
Na leƙa, ba kowa.
Na ja dama, na saki hannu ɗaya na ce bismilla.

Ka buɗe sosai, ka hau ɗaya hannun gaba ɗaya.
Taya, taya, taya, ban gama ƙirgawa ba,
iskarka ta ja ni kamar mai jan zane,
na danƙe, na ƙi.
Yatsu biyu ka ɗago ta taga.
Godiya ce ko zagi, ban tantance ba,
na karɓa.

A kasuwa Flor Alba ta juya cukun ɗaya bayan ɗaya,
ta ce na makara,
kuma wannan na ƙasa ya ɗan lotsa a gefe,
sai na rage mata.
Na rage mata.