Bayan Masaƙa, Gusau

Jiniyar ƙarfe shida ta mutu tun kafin a haifi jikata Shafa,
amma har yau ƙafafuna da ita suke farkawa.
Sai in sa takalmi, in bi gefen layin dogo,
inda a da auduga kan liƙe wa mutum a gashin ido.

Ɗakin injinmu
yanzu gida uku ne da rabi.
Wata ta shanya zanen goyo
a kan ƙarfen da ya cinye wa Bawa yatsu biyu.
A tagar biyan albashi ana koyon gurmi,
shamuwa ta gaji bututun hayaƙi,
ita kaɗai ce ba ta biyan haya.

Rabin nan kuwa na wani yaro ne,
Nazifi ɗan Kwatarkwashi, mai fenti.
Ya zana mu a bango, mu ma'aikata,
kowa ya ba shi faɗin kafaɗa da haƙora cikakku.

Na ce, yaro, ba haka muke ba.
Sambo tari yake yi har ya koma.
Ni kunnen hagu injin ya riƙe mini jingina,
bai mayar ba.

Bai yi musu ba. Ya turo mini gwangwanin fenti in zauna,
ya ce, Baba, maimaita a hankali.

Jiya na koma.
Ya rage wa Bawa yatsunsa biyu,
ya karkatar da kaina wajen dama.
Tarin Sambo ne ya gagare shi.
Ya bar ƙirjin fari fat,
kamar audugar da ba a kaɗa ba.