Shafi Arba'in

A Leeds, ranar Talata, ana yayyafi,
ambulan ya faɗo ta ramin ƙofa.
Da haƙori na buɗe shi,
yatsuna sun ƙi ni tun asuba.

Kana iya tafiyar mita ashirin?
I ko a'a.
Wace rana suke nufi?
Jiya na je kanti na dawo da madara,
shekaranjiya banɗaki ya yi mini nisan Gusau.

Inna ta hore ni, in an ce ya jiki,
in ce da sauƙi,
ko da ƙashi na tafasa.
Yau takarda na so in tona asirin kaina,
wa ke ɗaura mini takalmi,
sau nawa Jummai ke ciccible ni daga baho.
An ce in rubuta rana mafi muni.
Na rasa wacce zan zaɓa.

Sikila ba ta riƙe sanda.
Ranar tantancewa na sa riga mai guga,
Jummai ta ce, cire, Gwadabe,
sai su ce lafiyarka ƙalau.

Mako goma sha shida, in ji su.
Da dare yayana ya kira daga gida,
ya ce ya jiki.
Na ce da sauƙi.