Ƙarfe Huɗu a Tromso

An ce dare mahutar bawa.
Mai wannan magana bai zo Tromso a Disamba ba,
inda dare ke kwana, ya tashi, ya sake kwanciya,
wata biyu rana ba ta leƙo mu ba.

Ni da Oddny ɗakinmu ɗaya, ajinmu ɗaya,
amma agogon jikinmu ba sa ga maciji.
Ita jinin zakara ce:
ƙarfe tara ta yi laushi kamar tsumma,
biyar na asuba tana dafa kofi, har da fito.
Ni kuwa jemage ya goya ni.
Sai gari ya yi tsit kaina ke buɗewa.

Jadawalin asibiti bai tambayi kowa ba.
Litinin safe, Talata yamma, Alhamis kwana.
Sista Reidun ta liƙa shi a bango ta wuce.

Gado na bakwai, tsoho Halvdan,
masunci a da, yanzu huhu ya hana shi teku,
ya riƙo hannun rigata:
"Yarinya, gari ya waye?"
Na dubi taga, baƙi ƙirin.
Na dubi agogo, ƙarfe huɗu.
Huɗun wanne?
Sai da na tsaya na ƙirga baya.

Na dawo gida, na kwanta, jiki ya mutu,
ido ya ce bai san zancen ba.
Miligiram biyar na ba shi, ko hamsin?
Biyar ne. Na rubuta? Na rubuta.
To, na sa hannu?
Ga jarrabawar Juma'a zaune a ƙirjina
kamar turmi.

Ai barci ɓarawo ne, in ji mutane.
Na bar masa ƙofa a buɗe, ya ƙi shigowa.
Sai a aji, malami na tsakiyar bayanin ƙoda,
sai a bas, ya yi awon gaba da ni,
na farka mun ƙetare gada
ban san unguwar ba.

Oddny ma ta ɗanɗana.
Ranar kwananta na farko, ƙarfe uku,
kwalbar allura ta suɓuce mata,
ta shiga ɗakin zannuwa ta yi kuka a tsaye,
ta wanke fuska, ta koma auna zafin jiki.

Halvdan ya ce teku ma tana janyewa,
ba mai zaginta.
Ban ba shi amsa ba, ina ƙirga numfashinsa.

Ƙarshen Janairu rana ta dawo,
ɗan jan baki a bayan dutse, na 'yan mintuna.
Gari ya fita kallo, yara da burodi mai zaƙi.
Ni ban gani ba.
Sa'a goma sha ɗaya na yi ban motsa ba.
Oddny ta ƙi tashina.
Na farka cikin duhu, kamar kullum,
ga burodi ɗaya kusa da matashi,
an gutsuri gefensa.