Bakwai Mai Kai Biyu

Kuluwa mai ƙosai ta tura mini ita da ɗan yatsa.
"Ta goge, Nomau. Ba ta karɓuwa."
Dala ashirin ce, ta yi sulɓi
kamar bakin rijiyar da igiya ta daɗe tana lasa.

Na dawo da ita teburina, gefen tashar Tawa,
inda agoguna ke kwance ciki a buɗe.
Na maƙala gilashin aiki a idon dama,
na karkata ta wajen hasken la'asar.

Gogewa ba ta da gaggawa.
Tudu take fara ci, ta bar kwari sai baɗi.
Kifin nan mai zarto
ya bar haƙoransa a aljihun mutane,
a haɓar zanen masu nono,
a ƙasan gwangwanin ɗan ga-ruwa.
Wannan ba ciwo ba ne, yawo ne.

Sai ga shekarar.
Ɗaya, tara, bakwai, biyar,
amma bakwai ɗin kai biyu gare ta.

Na goge gilashin da gefen riga.
Ido ya sha yi mini ƙarya bayan azahar.
In duka ta sha, ƙarfen kan ture gefe, ya yi tabo.
In zamewa ta yi a bakin injin,
inuwar kan kwanta shafal kamar dakali.
Wannan kuwa tsaye take, da ƙugunta,
bakinta a tsage kamar harshen guza.
Tun a hatimi aka yi tuntuɓen,
ranar da wani maƙeri, can bayan teku,
ya buga, ya sake bugawa, bai dace ba.

Hannu nawa ta ratsa?
Ta sayi goro, ta biya kuɗin niƙa,
ta kwana cikin rairayi damina guda, ina zato.
Duk sun shafa, ba wanda ya duba.

Na jefa ta kwalbar da nake tara irinta,
su huɗu ke nan cikin shekara goma sha ɗaya.
Na koma da wata sabuwa fil.

Kuluwa tana tsame ƙosai ta ce,
"To, waccan nawa za ta yi?"
Na ce dala ashirin.
Ta yi tsaki, ta ƙara mini yaji.