Ɗakin Da Ba Na Kowa Ba

A asibitin Lesta, hawa na biyu, bayan lif,
akwai ɗakin da nake gogewa kullum da asuba.
Bango fari fat, ba hoto, ba rubutu.
A ƙofa an liƙa: wurin natsuwa ne,
na mai addini da marar shi, na kowa.

Alƙur'ani na durowar sama,
gicciye a ta ƙasa, naɗe cikin tawul,
kyandir na batir ne, don an hana wuta.
Kowa ya ɗauko nasa, ya gama, ya mayar,
kamar aron turmi a gidan haya.
Ni ke share abin da ya saura:
tikitin bas, tishu mai hawaye,
ƙwayar carbi guda da ta tsinke ta yi gangarawa.

Ranar wata Laraba wani ya manna kibiya a silin,
koriya, ba ta kai tsawon yatsa ba.
A gida gabas muke cewa,
nan kuwa sai an ɗan karkata kudu kafin tsayuwa.

Maureen, nas ce, ta bar coci tun tana budurwa,
ta ce in bango ya yi magana da bakin mutum ɗaya
to ya rufe bakin saura.
Aka kira taro. Mu sha ɗaya, shayi da biskit.
Gurmail mai tura gadon marasa lafiya ya gyara rawaninsa,
ya ce shi kibiya ba ta tsone masa ido ba.
Fada Aldous ya ce a bari.
Aka ɗaga hannu: shida a cire, biyar a ƙyale.
Ina cikin biyar ɗin.
Ni kuma aka miƙa wa tsani don cirewa.

Da dare na faɗa wa Sa'adiyya,
'yata mai karatun siyasa a jami'a.
Tana tsame taliya ta ce malamanta ma sun rabu.
Wasu na so hukuma ta zama ruwa, ba launi, ba ɗanɗano.
Wasu sun ce ƙarya ne, fari ma fenti ne:
wa ya zaɓi Lahadi ranar hutu?
Na ce, to wa ke da gaskiya?
Ta ce, Mama, ƙuri'a ba ta ce kin yi kuskure ba,
cewa ta yi yau ba ku da yawa.

Na yi shiru. Na tuna Kaduna,
yadda kogi ya zama iyaka,
yadda muka kwashe kaya a akori-kura cikin dare,
maƙwabciyata Rahila na riƙe da mayafina tana kuka.
Na san kuɗin bango mai magana.
Amma bebe ma, wallahi, yana da ciwo,
in ka shigo da gawar ɗanka a zuciya
ka rasa inda za ka fuskanta don faɗuwa.

Na hau, na ɓamɓare.
Gam ya bar tabo, siffar kibiya sak.
Ina da man da zai goge shi. Yana cikin bokiti.
Ban ce na manta ba, ban kuma ce ina tunawa.

Makon jiya aka shiga da mijin Maureen tiyata.
Na same ta a ɗakin, ƙarfe huɗu,
zaune, takalmi a hannu, ba addu'a take ba.
Sai ga wata tsohuwa Basomaliya da darduma,
tana juye-juye, ba Turanci.
Maureen ta ɗaga yatsa, ta nuna mata tabon,
ta janye kujerarta gefe don ta samu shimfiɗawa.

Ba ta sauya ra'ayi ba, ta gaya mini da bakinta.
Ni ma haka.
Za a sake zama a watan Maris.
Mutum ɗaya nake nema,
na fara kai wa mai gadin dare ƙosai tun yanzu,
ita ma na ga tana kai masa kofi da zafinsa kafin tafiya,
shi kuwa yana karɓar na kowa.