Ranar da Na Shafa Jan-baki

Ƙarfe huɗu na tashi, Recife na barci,
kogin Capibaribe na warin laka.
Jucélia ce ta ɓalla mini maɓallan riga,
don yatsuna ba sa buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi.
Na ce ta miƙo mini jan-baki.
Ba zan je gaban hukuma
kamar wadda aka tono daga rami ba.

Lambata tamanin da bakwai.
Kujerun roba, da fanka guda
tana juya kai, tana cewa a'a
tun ba a tambaye ta ba.
Kusa da ni Seu Adalberto, tsohon direban bas,
hoton ƙashin bayansa a ledar cefane,
zuwansa na huɗu ke nan.
Ya dube ni ya ce,
Dona Zuleide, goge bakin nan.
Na yi dariya. Ban goge ba.

Minti shida.
Na ƙirga, agogon yana bisa kan likita.
Ɗaga hannu. Na ɗaga.
Durƙusa. Na durƙusa,
na miƙe ban dafa tebur ba,
don na daɗe ina horon jikin nan
kada ya kunyata ni a gaban baƙo.
Bai tambayi nawa zan biya gobe ba:
kwana uku a kwance, labule a sake,
gwiwoyi kamar an zuba musu tsakuwa.

Lufus sunansa.
Jikina ne ya ɗauke ni ɓarauniya,
yake jibgata a cikin gidana.
Ranar da baƙi ke biyan jirgi su zo su sha a bakin teku,
ni in ta taɓa fuskata
sai kumatu su yi ja, su buɗe
kamar fikafikan malam-buɗe-littafi.

Wasiƙa ta zo bayan kwana arba'in da ɗaya.
Layi guda:
ba a ga abin da zai hana ta aiki ba.
To, ba su yi ƙarya ba. Ba a gani ba.
Mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
amma takardarsu ba ta da gurbin rubuta yoyo.

Shekara ashirin da shida ina ɗinkin kayan kanibal,
riguna masu walƙiya,
'yan laimomin da masu rawar frevo ke wulwulawa.
Kowane wata na kai wa hukuma kasonta,
rasit na nan cikin gwangwanin biskit,
an ɗaure su da kyauron roba shekara-shekara.
Ba sadaka na je nema ba.
Ajiyata na je karɓa.

Yanzu keken ɗinki na lulluɓe da zanen gado.
Wata mata daga Olinda ta taya.
Jucélia ta ce kada,
na ce mu ga watan gobe,
mu ga kuɗin wuta, da maganin ƙoda, da wake.

Lauyar da ake ba talaka kyauta yarinya ce,
ba ta kai Jucélia ba.
Ta ce za mu ɗaukaka ƙara.
Ta ce, wannan karon ki zo musu
yadda kike in ciwon ya tashi.
Na ce, 'yar nan,
ranar da ya tashi ai ba na iya zuwa.
Ta ajiye biro.
Mun jima muna sauraron motoci.

An ba ni sha tara ga Agusta.
Seu Adalberto ba zai zauna kusa da ni ba.
Tasa takardar ta fito, an amince,
mako biyu bayan an binne shi.
Matarsa ce ta sa wa ɗan aike hannu.

Jan-bakin yana kan taga, saura kaɗan ya ƙare.
Jucélia ta ɓoye shi sau biyu,
sau biyu na nemo shi.
Jiya na tsaya gaban madubi
ina koyon yadda ake ɗingishi,
ni da nake ɗingishi da gaske.