Lamba Arba'in da Tara

Sau shida na ɗinke takalmin nan,
gwanjon Katako, lamba arba'in da tara,
har rabin tafinsa ya koma tayar babur.
Dalyop ne mai shi, zanƙalelen yaro,
in ya tsaya bakin rumfata sai ya tare mini rana.
"Baba Sallau, a rubuta bashi."
Na ce tsawo ba ya sayen zare.

Daren jiya a gidan kallon Nasarawa Gwom,
sanyi na yankan kunne,
'yan ƙwallon ƙafa na gunaguni an sauya musu tasha,
sai ga shi cikin kore da fari,
gasar Afirka, ƙato cikin ƙarti.
Kowa na kallon kwando,
ni ƙafa nake kallo:
sabo fil, yana kuka a daɓe kamar ɓera.

Saura daƙiƙa huɗu ya yi sama,
janareta ya yi tari, ya mutu.

Ban tambayi yadda aka tashi ba.
Na dai ga har yanzu da gefen hagu yake dira,
nan dunduniya za ta fara cinyewa.
Ɗari uku da hamsin ne, Dalyop.
Takardar na nan.